Kujerar da Aka Ɗora Kan Injin Wanki

Da hunturu a Rotterdam magariba ba ta jiran kowa. Kafin yara su gama cire takalman makaranta duhu ya sauko, fitilun titi sun kama, yayyafi yana bin gilashin tagogi a hankali. A irin wannan yammaci ne Mimun ya tsayar da motarsa a ƙofar tsohon gidan bulo da suke haya, ya zagaya baya ya ciro kujerar jaririnsa.

Mimun direban bas ne, ɗan mutanenmu na duwatsun Rif, can ƙasarmu ta asali, an kawo shi ƙasar nan yana ƙarami. Tare muka yi dako da mahaifinsa a tashar jiragen ruwa, kuma a hawan da ke ƙarƙashin nasu nake zaune. Abin da zan faɗa, wani ta rufin ɗakina na ji shi, wani na gani, saura Mimun ne ya faɗa da bakinsa daga baya. Mutum ne mai tsantseni, kuma ya san da haka. Bai taɓa goga bas ɗinsa da ko sandar titi ba. In ya ga wani ya ɗauko yaro a mota babu ɗamarar kujera, sai ya tare shi a ƙofar masallaci ya yi masa faɗa a gaban mutane.

Kujerar irin ta mota ce, mai mariƙi a sama kamar kwando, wadda ake ciro ta da yaron a ciki a shiga da ita gida. Jaririn, Ziyad, bai kai ga zama da kansa ba. An naɗe shi cikin rigar sanyi mai kauri, ɗamarar ta matse shi, yana ta tsala kuka. A gindin matakala Mimun ya sunkuya ya ɓalle ɗamarar don yaron ya sarara, sannan ya hau da shi. Matakalar gidajen nan tsaye take kamar tsani. Ya isa sama yana haki, lokacin salla kuma yana ƙurewa.

Matarsa Sana tana wurin aiki, a gidan kula da tsofaffi. Mahaifiyarsa, Tlaitmas, wadda jikoki ke kira Henna, tana falo da carbinta. A kicin akwai Nuhaila, babbar 'yarsa mai shekara goma sha uku, tana dafa taliya. Ta goge daɓen bai bushe ba, teburin cike da kwanuka. Mimun ya duba bai ga inda zai ajiye kujerar ba sai kan injin wanki, wanda ke juya kaya a hankali a kusurwa. Ya ɗora ta a kai.

"Baba, injin yana aiki," in ji Nuhaila.

Ya ce alwala kawai zai yi, yanzu zai fito. Ya shige banɗaki.

Taliyar ta nuna. Nuhaila ta yi yadda kakarta ta koya mata tun tana ƙarama, domin a wurinmu ba a zuba tafasasshen ruwa a magudana haka kawai, balle da magariba, saboda waɗanda ke zaune a irin wuraren. Ta fara buɗe famfon ruwan sanyi, ta yi bisimilla a hankali, ta ɗauki tukunyar da hannu biyu ta juya baya tana tacewa. A daidai nan injin ya shiga matse kaya. Ya ɗauki rawa. Kujerar ta yi ta matsawa baki kaɗan-kaɗan, babu mai kallonta, har ta kife.

Na ji faɗuwar daga ƙasa. Ƙara ce guda, mai nauyi, sai shiru. Shirun ya fi ƙarar muni. Can sai kukan yaron ya tashi.

Mimun ne ya fara isa, ruwan alwala na ɗiga daga gwiwar hannunsa. Ya ɗauke yaron daga kan daɓe. Da ɗaya hannun, ba tare da ya yi shawara da kansa ba, ya miƙar da kujerar ya tura ta jikin bango a ƙasa. Lokacin da Henna ta ƙaraso da sandarta, abin da ta gani shi ne jariri da kumburi a gefen kai, kujera a ƙasa, tururi na tashi daga wurin wanke-wanke, duhun magariba a taga. Ta daɗe tana kallon tururin.

"Wa ya zuba ruwan zafi yanzu?"

"Ni ce, Henna."

"Kin ambaci sunan Allah?"

"Na ambata."

"Ban ji ba," in ji tsohuwar.

Ta zauna a kan kujerar cin abinci. Ta ce an ƙona ɗan mutanen ɓoye, su kuma sun rama a kan namu, sun kife kujerar. Ba da faɗa ta faɗa ba, da tsoro ta faɗa. Nuhaila ta juya ta kalli ubanta. Mimun ya kalli kan yaron, ya kalli ruwan da ke hannunsa. Ya bar zancen tsohuwar a haka, ya nufi ƙofa da yaron.

A asibiti ya yi wata ƙaryar. Ya gaya wa likitar, wata matashiya mai gajiyayyun idanu, cewa yaron ya mirgino ne daga doguwar kujerar falo zuwa kan darduma. Tsoron ma'aikatan kula da yara na hukuma, masu iya raba yaro da iyayensa, yana cikin kowane gida a unguwarmu, wannan gaskiya ne. Amma ba shi ne babban abin da ya riƙe harshen Mimun ba. Ya kasa jin bakinsa yana cewa shi, shi da ke yi wa mutane wa'azi, ya kwance ɗamara ya ɗora ɗansa kan injin da ke aiki. Likitar ta shafa kan yaron, ta haska idanunsa, ta ce tunda wurin ba shi da tsawo a koma gida a sa ido, in ya yi amai ko barci ya yi masa yawa a dawo da shi. Sana ta iske su can da rigar aikinta. A mota Mimun ya ce mata labarin kujerar falo na likita ne kawai, don ba za su gane ɗaya labarin ba. Ɗayan kuwa ta ji shi daga bakin Henna da suka isa gida.

Kafin Juma'a labarin ya zaga unguwa. Mata suka riƙa hawowa jaje da sukari da 'ya'yan itace, suna cika falo, ana zuba shayin na'ana'a. Henna ta riƙa maimaita zancen ga duk wadda ta shigo, kowace kuma sai ta saci kallon Nuhaila da ke kawo kofuna. Wata ta ce yaran da aka haifa a nan ba sa ɗaukar komai da muhimmanci. Wata ta ja 'yarta kusa ta ce to, kin dai ji. Aka hana Nuhaila shiga kicin daga la'asar. Sana ba ta zage ta ba, amma in yarinyar ta miƙo hannu za ta ɗauki ƙaninta, sai uwar ta ce bar shi, ya yi barci, ko da idonsa biyu.

Nuhaila ba ta sake cewa ta ambata ba. Ta daina magana a wurin cin abinci. In ubanta ya shigo sai ta tashi ta ba shi wuri, ba ta kallonsa, shi ma ba ya kallonta. Ya riƙa karɓar ƙarin aiki don kada magariba ta same shi a gida, amma jadawalin bas ba kullum yake yarda ba.

Da tsakuwa aka fara. Wata magariba, tagogi duk a rufe saboda sanyi, sai aka ji ƙas a kicin. Sai wani ƙas. Sana ta leƙa ta ga ƙananan duwatsu baƙaƙe, jiƙaƙƙu, masu warin kwata, a kan injin wanki. Tana tsaye wani ya faɗo daga inda babu komai sai farin rufi, ya daki saman injin ya gangara. Ba su faɗa kan tebur ba, ba su faɗa kan murhu ba. Kan injin kawai. Da safe Mimun ya zura ƙafa a takalmin aikinsa ya ji su cike a ciki. Ya juye su a kwandon shara, bai gaya wa kowa ba.

Kashegari injin ya tashi da kansa babu kaya a ciki. Mimun ya zare wayarsa daga bango. Injin ya ci gaba da rawa, wayar tana reto a hannun Mimun, har ya gaji ya tsaya. Daga nan sai ƙarar ta dawo. Kowace magariba, daidai lokacin da ake shimfiɗa sallaya, sai a ji wani abu mai nauyi ya faɗi a daɓen kicin, sai shiru. A ruga a tarar babu komai. Ni ma ina jin ta a saman kaina, na san kuma ƙarar, don na ji ta ranar farko.

Akwai kuma murya. A cikin bututun ruwa take, can ƙasa, kamar tsohuwa tana gyaran murya kafin ta yi magana, sai ta fasa. Bututunmu ɗaya da su. Wata rana ina wanke kofina na ji ta, na rufe famfo na fita na bar kofin.

Henna ta yi duk abin da ta sani. Ta yi turaren jawi, ta barbaɗa gishiri a kusurwoyi, ta durƙusa da ƙyar ta zuba madara a magudanar tana ba da haƙuri a madadin jikarta, tana cewa yarinya ce, ba ta sani ba, a yafe mata. Madarar ta sauka. Suna tsaye sai ta dawo sama, fara fat, ta cika wurin wanke-wanken ta tsaya. Tsohuwar ta ce an ƙi karɓa, laifin ya yi girma. Nuhaila tana bakin ƙofa tana ji.

Duk wannan lokacin Ziyad yana canzawa. Kumburin bai sauka ba, ya yi laushi ya faɗaɗa. Ya rage kama nono. Yana barci mai nauyi wanda ba irin nasa ba, ya tashi ya yi amai ya koma. Sana ta ce a koma asibiti. Henna ta ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, hannunsu ne a kansa. Mimun ya tsaya tsakaninsu ya ce a ƙara gani zuwa gobe. Ya san in ya koma za a sake tambayarsa daga ina yaron ya faɗo, ya kuma san amsar da ya bayar ita ta sa aka sallame su. Yakan tsaya a kan gadon yaron yana kallon ƙirjinsa na hawa da sauka, ya buɗe baki, ya rufe.

Sai abin ya koma kan Nuhaila. Sana ce ta same ta, da magariba, zaune a kan injin wanki cikin duhu, ta naɗe ƙafafu ta rungume gwiwoyi. Jikinta yana karkarwa, tana matsawa baki kaɗan-kaɗan. Kafin uwar ta kai gare ta, ta faɗo ƙasa ta gefe, ba ta ko tare da hannu ba. Ta tashi ta sake hawa. Aka riƙe ta, ta watsar da su kamar ba yarinya ba. Da Mimun ya shigo da rigar aikinsa, ta ɗago kai ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta yi ba tun ranar, ta yi magana da muryar da ke cikin bututu.

"Sannu da zuwa, direba."

Ni aka aika in kirawo Si Allal. Tsohon limami ne da ya yi karatu a birnin Fas, yana zaune a ƙetaren kogi wurin 'yarsa, ba ya son a riƙa kiransa irin wannan aiki amma ba ya ƙi. Mimun ya so a jira, Sana ta ce in bai bari an kira shi ba za ta kwashi 'ya'yanta ta tafi gidan yayanta. Muka zo da shi washegari ana gab da magariba, da lemarsa da 'yar jakarsa. Ya hau matakalar yana hutawa a kowane hawa, yana cewa wanda ya gina gidajen nan bai yi niyyar tsufa ba.

Ya cire takalmi, ya ce a bar shayin tukuna. Ya yi salla a falo, sannan ya shiga kicin ya zauna a kan daɓe, ya jingina da ƙofar firji. Nuhaila tana kan injin. Henna na kan kujera, Sana na tsaye da jaririn a kafaɗa, Mimun a bakin ƙofa, ni a bayansa. Ba a kunna fitila ba sai ta saman murhu. Si Allal ya fara karatu, ba da ƙarfi ba, kamar mai karanta wa kansa. Ya daɗe. Yayyafi na taɓa taga. Tsakuwa ɗaya ta faɗo ta gangara ta tsaya a gaban gwiwarsa, bai dube ta ba. Can yarinyar ta ja dogon numfashi, ta ce ya isa, tana ji, ba kurma ba ce.

Ya yi mata sallama, ta amsa. Ya tambayi sunanta, ta ce sunanta ba abin da zai ƙara masa. Ya tambaye ta ko musulma ce, ta ce tun kafin a haifi kakansa. Ya tambaye ta daga ina, ta ce daga nan, a bututun gidan nan take tun ana dumama shi da gawayin kwal.

"To an ce an ƙona miki ɗa," in ji Si Allal.

Ta yi wata dariya marar daɗi. "An ce. Malam, kafin waɗannan su zo, shekara da shekaru Turawa masu cin dankali ne a gidan nan. Kullum yamma sai sun juye min ruwan dankali a ka, babu bisimilla babu sannu. Na taɓa ɗan wani a cikinsu? Ba su sani ba, sai in kauce. Ita kuwa wannan," ta daki ƙirjin Nuhaila da tafin hannu, "ita kaɗai ce a gidan nan take fara sakin ruwan sanyi ta ambaci Allah, ta ba ni lokaci in kwashe 'ya'yana. Ranar ma ta ambata. Ni na ji, in tsohuwa ba ta ji ba."

Henna ta sa hannu ta rufe bakinta.

Si Allal ya ce in haka ne, me ya sa ta saka wa mai ladabi da wannan azaba, tana jefa ta ƙasa kamar buhu. Zalunci zalunci ne, ko daga mutum ko daga aljan, kuma ta san hukuncinsa. Muryar ta yi ƙasa. Ta ce ba ta shige ta don cuta ba. Ta yi jifa ba a gane ba, ta mayar da madara ba a gane ba, ita kuma ba ta da bakin da mutane ke ji. Ta duba gidan ta ga baki ɗaya da aka rufe da gaskiya a cikinsa, sai ta ara.

"Kun zauna kuna shan shayi kuna cewa na bugi jariri mai shan nono," ta ce. "Zancen ya bi bututu ya kai har wurin dangina a bakin kogi. Ƙanwata ta daina yi min magana. Ina da 'ya'ya, malam. Da wane ido zan dube su?"

Ya tambaye ta to wa ya kife kujerar.

"Babu wanda ya kife ta. Ka tambayi direba inda ya ajiye ta."

Si Allal bai tambaya ba. Bai ma juya ba. Ya sunkuyar da kai yana jan carbinsa, ya bar shirun ya zauna a kicin ɗin. Ina bayan Mimun, ina ganin gumi na bin ƙeyarsa cikin wannan sanyi. Firji ya yi gurnani ya tsaya. Jaririn ya yi wani ɗan kuka siriri a kafaɗar uwarsa, kukan da ba shi da ƙarfi, ya koma shiru. Ina jin wannan kukan ne ya karya shi.

"A kan injin na ɗora shi," in ji Mimun. Ya sake, yana fuskantar mahaifiyarsa, wadda yake kira Yemma. "A kan injin na ɗora shi, Yemma. Na kwance ɗamarar tun a ƙasa. Nuhaila ta ce min yana aiki, na wuce. Ni na miƙar da kujerar na tura ta jikin bango kafin ki shigo."

Babu wanda ya yi salati, babu wanda ya ɗaga murya. Sana ta dube shi kamar tana neman mijinta a fuskar wani baƙo. Henna ta sauke idonta kan hannuwanta, waɗanda suka zuba madarar, ba ta sake ɗagowa ba.

Si Allal ya ce wa mai maganar tunda ta ji, to sai ta fita. Ta ce ba yanzu ba. A gaban jama'a aka ɓata ta, a gaban jama'a za a wanke ta. Direba ya tashi ranar Juma'a bayan salla, a ƙofar da yake tare mutane, ya faɗa da ƙarfi. Si Allal ya ce a'a. Ya ce ba a zo nan don a tozarta kowa ba, haƙƙi ake mayarwa ga masu shi: yarinyar, uwarta, kakarta, da ita kanta. Ta ce matan da suka sha shayin fa? Suka yi ta ja, tana ƙara sharaɗi yana ragewa, har ta nemi a fitar da injin daga gidan, ya ce injin bai yi wa kowa ƙarya ba. A nan Henna ta yi magana, ba ta ɗago kai ba. Ta ce bakinta ne ya kai zancen gida-gida, ƙafarta za ta bi shi ta dawo da shi.

Muryar ta ce ta yarda. Ta ce ba ma jikin yarinyar kaɗai za ta bari ba, gidan za ta bari, ta gaji da zama ƙarƙashin mutanen da ke jingina mata kayansu. Si Allal ya sa ta yi rantsuwa, ta yi. Sai ta juyar da fuskar Nuhaila wajen Sana.

"Yaron nan, ina jin numfashinsa ta bango tun da aka haife shi. Ba irin na da ba ne. Ba aikina ba ne, ba kuma naka ba ne, malam. Ku mayar da shi inda aka yi ɗaya ƙaryar."

Si Allal ya ci gaba da karatu, ya kama ƙaramin yatsan hannun hagun yarinyar. Jikinta ya sandare, sannan ya saki. Ta sulale, Mimun ya tare ta kafin ta kai ƙasa. A wurin wanke-wanke ruwa ya yi wata doguwar ƙara yana sauka, tana nisa, tana nisa, har ta ɓace. Nuhaila ta buɗe ido ta ga kanta a hannun ubanta. Ta janye jikinta a hankali ta koma wurin uwarta.

"Shayin ya jira," in ji Si Allal. "Ɗauki makullin motarka."

Na bi Mimun da Sana. Wannan karon Mimun ya durƙusa a kan daɓe ya ɗaure ɗamarar, ya ja ta ya sake ja. A asibiti wata likitar ce daban, babba. Ta tambayi daga ina yaron ya faɗo. Mimun ya miƙe tsaye, ya sa tafin hannunsa daidai ƙugunsa, ya ce daga nan, kan injin wanki, zuwa kan daɓe, kuma abin da ya faɗa a zuwan farko ba gaskiya ba ne. Ta dube shi ta saman tabarau. Sannan ta ɗauki waya. Hannun nasa ya daɗe a wurin kamar ya manta da shi.

Hoton kai ya nuna ƙashin ya tsage, jini kuma ya taru a ƙarƙashi yana danna abin da bai kamata ba. Aka riƙe Ziyad, aka yi masa aiki. Likitar ta gaya wa Sana cewa da an ƙara jinkiri da labarin ya zama wani. Yaron ya tashi. Yanzu yana gudu a saman kaina har sai na buga rufi da sanda. Ma'aikatan hukuma sun zo kamar yadda ake tsoro, mace da namiji, suka zauna a falo suka yi tambayoyi, suka duba kicin, suka sake dawowa, sannan suka daina zuwa. Ba su ɗauki kowa ba.

Henna ta cika alkawari. Da sandarta, cikin ruwan sama, ta hau matakalar duk gidan da matarsa ta zo jaje, ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi zama, ta ce jikarta ta ambaci Allah, ita ce kunnenta ya tsufa, ɗanta kuma shi ya ɗora kujerar a inda ba a ɗorawa. Mimun bai sake tare kowa a ƙofar masallaci ba. Yana shiga da wuri, ya zauna a sahun baya, ya fita a ƙarshe. Tsakuwa ba ta sake faɗowa ba. Bututun ya zama bututu.

Saura Nuhaila. Ba ta tuna komai na kan injin ba, amma ta tuna abin da ya gabace shi. Uban ya nemi gafararta a gaban uwarta, ta ce babu komai, Baba, da irin muryar da ake amsa wa baƙo. An ce mata ta koma kicin, ba ta koma ba. Da la'asar ta yi sai ta shige ɗaki ta rufe.

Hunturu ya kusa fita, wata magariba na hau mayar musu da kwano. Sana tana wurin aiki. Na tarar da Mimun a gaban murhu da tukunyar taliya tana tafasa, kujerar jaririn a ƙasa can jikin bango, yaron a ɗaure a ciki yana cin yatsunsa, tabon aiki a gefen kansa. Mimun ya tsaya yana kallon tukunyar. Sannan ya je ƙofar ɗakin 'yarsa ya ƙwanƙwasa.

"Zo ki tace min taliyar nan," ya ce. "Ni ban san yadda ake yi ba."

Ta daɗe ba ta buɗe ba. Da ta fito, ya miƙa mata tsumman riƙe tukunya, ya koma ya zauna a kan daɓe kusa da kujerar, ya ɗora hannu a kan mariƙinta. Nuhaila ta tsaya a gaban wurin wanke-wanken, duhu na taruwa a taga. Ta buɗe famfon ruwan sanyi, ta bar shi ya zuba. Ta ɗauki tukunyar da hannu biyu, ta yi bisimilla a hankali, yadda ta saba, ba ta ƙara ko kaɗan ba.

Daga falo, inda carbi ya tsaya da motsi, muryar Henna ta zo.

"Na ji."